Ni Ma Zan Shiga Taron Matasa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare. Ni ce Hajiya Kulu daga Argungu. Ka ɗaga murya, don ɗana Umaru ba ya wuce shirinka.

Umaru ne shugaban matasan unguwarmu tun gemunsa yana baƙi. Yanzu ya yi fari fat, sai lalle yake shafa masa, har jika ya gani, amma wai matashi ne.

Kwanan nan aka kawo injinan ban ruwa daga Birnin Kebbi don matasa masu noman albasa. Jikana Bashiru, ɗan Umarun, wanda nake kira angona, shi ke wuni a fadama yana jan ruwa da guga. Da ya je wurin rabo, uban ya ce masa, "Kai yaro, mi ya kawo ka cikin manya? Tahi gida!"

Ya dawo ya ƙi cin tuwo. Na ce, "Angona, ci abincinka, amaryarka ba ta mutu ba."

To Malam, ranar Asabar za su sake zama. Zan ɗaura zanena, in ɗauki sandata, in zauna a gaba. In mai jika matashi ne, ai uwarsa ma budurwa ce. Ba zan tashi ba sai an ba Bashiru inji, ko a ba ni kujerar shugaba.

Masu saurare, ku ba ni shawara, wane ɗankwali ya dace da budurwa? Ina gaida ƙawata Inno a Gwadangaji. Kai kuma Umaru, ka tanadar mini tabarma.