Tara Cikin Sha Huɗu

HALADU: Salamu alaikum. Radiyya? Kina ji na?

RADIYYA: Wa alaikumus salam. Yaya Haladu, ina wuni?

HALADU: Lafiya lau. Ya gida, ya maigidan naki?

RADIYYA: Lafiya ƙalau, yana wajen aiki. Ya mutanen Wudil? Ya Anti Rabi da nauyin jiki?

HALADU: Da sauƙi, ta shiga wata na bakwai. Ya yara? Ya zafin Kano?

RADIYYA: Muna ta fama. Ya jikin Inna?

HALADU: Ta warware, jiya har kasuwa ta je. Ya koyarwa?

RADIYYA: Alhamdu lillahi. Yaya, yau kai ne da kira da rana tsaka? Lafiya dai ko?

HALADU: Lafiya lau. Zumunci ne kawai. Af, na ce ba, wannan Khaulat ɗin da kuka yi jami'a tare, me ma ta karanta?

RADIYYA: Wace Khaulat? Doguwar nan? Ilimin halayyar ɗan Adam. Ina ka san ta?

HALADU: Halayyar wa?

RADIYYA: Ɗan Adam. Yadda mutane ke tunani, da yadda suke yanke shawara.

HALADU: Ashe! To shi ke nan. Zargina ya tabbata.

RADIYYA: Wane zargi kuma?

HALADU: Kin san ɗakin haihuwar da muke ginawa a ƙauyen nan bayan Indabo? Ni ne shugaban magina. To ƙungiyar da ke yin aikin ta canza manaja, ita suka turo mana. Sati biyu ke nan ban gane kanta ba. Ba injiniya ba ce, ba ta san bulo ba, ba ta san siminti ba, mu take karanta.

RADIYYA: Kai Yaya! Me ta yi muku?

HALADU: Ranar farko ta tambaye ni sati nawa ya rage a gama. Na ce shida. Sai ta yi murmushi ta ce, gine-gine uku na ƙarshe da na yi irin wannan, sati nawa na ce, sati nawa suka ɗauka? Na gaya mata tsakani da Allah. Ta ɗauki biro ta rubuta sha uku. A gaban yarana! Wannan ba ce mini maƙaryaci ta yi ba?

RADIYYA: To da gasken sati nawa suka ɗauka?

HALADU: Ba wannan ake magana ba.

RADIYYA: Yaya, ba kai kaɗai ba ne. Kowa idan aka tambaye shi, ranar da ba ruwa, ba rasuwa, ba mota ta lalace yake lissafawa. Ni ma haka tela yake yi mini...

HALADU: Tsaya ki ji sauran. A taron kwamiti ta ce ƙananan ma'aikata su fara magana, Alhaji ya yi ta ƙarshe.

RADIYYA: Wane Alhaji? Alhaji Maikano, baban Anti Rabi?

HALADU: Shi fa. Shi ne shugaban kwamiti, kuma shi ya ba da filin kyauta. Mutum kamar wannan a ce ya jira leburori su gama?

RADIYYA: Ai in ya fara, wa zai saɓa masa? Duk "haka ne, Alhaji" za ku ce.

HALADU: Kin ga, har bakinku ɗaya. Kun yi waya da ita ko?

RADIYYA: Wallahi rabona da Khaulat tun bikin Sakina, shekara uku ke nan.

HALADU: Hmm. To yau da safe ta tara mu mu sha huɗu a gindin darbejiya. Ta ce kowa ya ɗauka an yi shekara guda, ginin ya lalace, mata sun daina zuwa. Wai kowa ya rubuta abin da ya jawo.

RADIYYA: Me ya... Yaya? Muryarka tana yankewa.

HALADU: Na ce ginin ya lalace!

RADIYYA: Innalillahi! Ya rushe? An ji ciwo?

HALADU: Ba rushewa ya yi ba, ita ta ce mu ɗauka ya lalace! Bari in fita waje, sabis ɗin ɗakin nan ba shi da kyau. Yauwa. Kina ji?

RADIYYA: Yanzu ina ji. Har gabana ya faɗi.

HALADU: Ai mu ma haka muka yi ta a'uzubillahi. Ginin da ake nema wa albarka a zo ana yi masa mugun baki? Ta raba takardu iri ɗaya, biro iri ɗaya, ta ce kar kowa ya sa suna. Wanda bai iya boko ba ya yi ajami. Aka jefa a kwali. Ta juya baya ta kwafe su da hannunta, ta ƙone namu a gabanmu, sannan ta karanta.

RADIYYA: To ai don kar a gane rubutun kowa ne.

HALADU: Ko kuma don kar a ƙirga. Kin san me ta ce? Wai takardu tara cikin sha huɗu abu guda suka faɗa: filin kwari ne, ruwa yana kwanciya a wurin duk damina, harsashin ba zai jure ba. Tara! Ƙarya ce. Mutanen nan wata biyu muna aiki tare, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ni dai guda ɗaya na rubuta, ta yaya ta zama tara?

RADIYYA: Ka rubuta me?

HALADU: Na ce... ai kowa ya rubuta wani abu.

RADIYYA: A'a, Yaya, na ji ka sarai. Kai ka rubuta maganar ruwan?

HALADU: Ki rage murya.

RADIYYA: Ni kaɗai ce a gida. Tun yaushe ka sani?

HALADU: Tun ranar da muka haƙa harsashi. Ƙafa uku muka yi, ƙasar ta fito baƙa, tana danƙo, ga danshi, a tsakiyar rani. Duk maginin da ya ga wannan ya san zancen.

RADIYYA: Kuma ka ɗora bulo a kai.

HALADU: Me kike so in yi? An sanar a masallaci cewa Alhaji ya ba da fili, an yi masa addu'a. Surukina ne. In miƙe a gaban jama'a in ce kyautarsa ba ta da amfani? Na ce a raina in da matsala wani zai faɗa. Na duba fuskar kowa, kowa hankalinsa kwance.

RADIYYA: Su ma fuskarka suke dubawa. Kai ne magini. Da suka ga ka yi shiru, sai suka ce ai lafiya ke nan.

HALADU: Kina nufin da gaske tara ɗin ne?

RADIYYA: Mutanen da suka yi noma a wurin tun suna yara? Ni mamakina ma biyar ɗin da ba su rubuta ba.

HALADU: Hmm. Amma duk da haka ban yarda da ita ba. Da muka watse ta biyo ni wajen babur ta ce, "Malam Haladu, gobe a taro zan tambayi ra'ayin magini game da ƙasar wurin. Na gaya maka tun yau don kar in yi maka ba-zata." Me ya sa ni? Ta gane rubutuna, ina gaya miki. Irin karatun nan nasu, ido kawai suke kalla.

RADIYYA: Magini nawa ne babba a wurin?

HALADU: Ni kaɗai.

RADIYYA: To wa za ta tambaya, mai shayi? Ba duba take yi ba, Yaya. Da tana son tona ka, da ba ta ba ka kwana guda ba.

HALADU: Ko kuma so take in faɗa da bakina, ƙungiya ta ce ni na ɓata aiki, a kawo wani.

RADIYYA: Wannan ban sani ba, ba zan rantse maka a kan zuciyar kowa ba. Amma in aka rufa kwano, damina ta zo bango ya tsage, sunan wa za a kira?

HALADU: Mun kai taga fa, Radiyya. Samarin ƙauyen nan sati shida suna gayyar yashi da ruwa, kyauta, cikin wannan rana. Yanzu a ce musu a tashi a koma tudu? Duk wahalar nan ta tafi a banza?

RADIYYA: Ta riga ta tafi, ko kun ci gaba ko kun tsaya. Ni tambaya ɗaya zan yi maka. In naƙuda ta kama Anti Rabi tana gidansu a watan Agusta, za ka yarda a kwantar da ita a ɗakin nan?

HALADU: Kai, Radiyya!

RADIYYA: Kar ka kauce, Yaya.

HALADU: Na ji ki.

RADIYYA: To?

HALADU: Ba zan yarda ba.

RADIYYA: To matan wasu fa?

HALADU: Ke dai kin iya tsare mutum. Ki rantse ba ita ta sa ki ba.

RADIYYA: Kai ka kira ni fa!

HALADU: Haka ne kuma. Akwai wani tudu kusa da firamare, jan ƙasa ce, mai tauri. Bulon ma da yawa za su ciru lafiya in aka bi a hankali... Tsaya. La ilaha illallahu.

RADIYYA: Mene ne?

HALADU: Motar Alhaji ce ta shigo layinmu. Bai ce zai zo ba.

RADIYYA: Wataƙila 'yarsa ya zo dubawa.

HALADU: Ko kuma wani ya kai masa labari. Ga shi yana fitowa, fuskarsa ba walwala.

RADIYYA: To me za ka yi?

HALADU: Gara ya ji daga bakina a zaure, mu biyu, da ya ji gobe a gaban jama'a. In ya so ya zage ni. Ki yi mini addu'a. Kuma kar Inna ta ji wannan maganar, kin ji ko?

RADIYYA: Allah Ya ba ka sa'a. Amma Yaya, ka fara yi masa godiyar filin kafin ka...

HALADU: Sannu da zuwa, Alhaji! Barka da hanya, bismillah, a shigo daga...

RADIYYA: Yaya? Yaya Haladu? Halo?