Inna Ta Ajiye Maganin Hawan Jini

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Zongon Kotonu.

Tun da dimokuraɗiyya ta dawo, ɗaliban likitanci suka kafa ƙungiya, suna zuwa unguwarmu auna jini kyauta. Ɗayarsu, 'yar unguwar Akpakpa, ta gano Innata tana da hawan jini, ta raka ta asibiti. Da gurguwar Hausarta ta lallashe ta: "Inna, ki sha don jikokinki." Inna ta yarda ta fara shan magani, jirin da ke damunta ya tafi.

Yanzu suna jarrabawa, ba sa zuwa. Inna ta ajiye maganin, ta ce, "Sai ɗiyata ta zo." Jiri ya dawo, hankalina ya ƙi kwanciya, ko sunan yarinyar ban sani ba.

Malam, yaya zan yi? In tana sauraron wannan shirin, don Allah ta leƙo mu.