Muryar da Ta Rage a Kati

A tashar Tawa na ji wani dattijo yana yi wa mai saka wa'azi a katin memorin waya faɗa.

"Wa'azi na ce ka sa mini. Ana tsakiyarsa sai ga muryar wata mata tana kuka, tana gaya wa mijinta ciwonta."

"Tsohon kati ne, Baba, amma na goge shi. Wuta ce ta ɗauke ina cikin sawa, abin da ke ƙasa ya fito."

"Ashe bai gogu ba. Cika shi da karatu kaf, ya danne komai, ina kallo."

"Awa guda fa! Motar Barmu za ta tafi ta bar ka."

"Ta tafi. Bara a rumfar nan na sayar da wayar ɗiyata, da katinta a ciki."