Jan Ruwan Beterab

A kasuwar Diffa, Ya Fanna ta tsaya gaban wani manomi, tana juya beterab, wata jar saiwa mai kama da dankali, a hannu.

"Malam, abin nan naka taurin kai gare shi. Na yi ta tafasawa ina zubar da jan ruwan, ya ƙi fari."

"Inna, kin taɓa jiƙa soborodo ki zubar da ruwan?"

"Wa zai yi haka?"

"To amfanin yana cikin jan nan. Dafa shi da ɓawonsa. Wa kike dafa wa?"

"Ɗiyata. Tun da ta haihu ba ta da ƙarfi."

"Ni ma don matata na fara shuka shi cikin tattasai, bakin kogin Komadugu, lokacin da ita ma ba ta da ƙarfi. Ga ta can, ɗauke da buhu."

Ya Fanna ta daɗe tana kallon matar.

"Tubarkalla. Cika mini ƙwaryar nan."