Taku Goma Sha Biyu a Filin Cocin Tolvik

Mai girma shugabar taro, Uwargida Corinne Aasen, masu girma kwamishinonin lafiya na jihohinmu biyu, sufetocin da ke duba na'urorinmu, abokan aikina, iyayena mata da suka baro gonakinsu cikin wannan ƙanƙara, jama'ar Tolvik ta gabas da ta yamma, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga matan coci da suka cika mu da kofi tun kafin a buɗe taro. Sunana Joanne Rustad. Shekara goma sha tara ke nan ina yawo da motar ɗaukar hoton mama, domin a gano sankara tun tana ƙarama. Magana uku gare ni.

Ta farko, lasisi ba abin wasa ba ne. Hasken da muke aiki da shi yana ratsa jiki, ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, in ya yi yawa kuma yana cutarwa. Saboda haka ba mu taɓa roƙon a sassauta mana jarrabawa ba, ba mu taɓa roƙon a daina auna na'urorinmu ba. Abin da muka roƙa shi ne, wanda wannan jiha ta gwada ta amince da shi, kada waccan ta ɗauke shi kamar bai taɓa shiga aji ba.

Ta biyu labari ce. Kun san iyakar jihohin nan ta ratsa tsakiyar filin ajiye motocin wannan coci. Shekara uku da suka wuce na tarar an tara ƙanƙara a inda na saba tsayawa, sai na matsa gefen yamma na kama aiki. Can sai ga Orville Bakke, sufeton jihar yamma, ga shi can zaune yana sunkuyar da kai. Ya ce, "Joanne, kin san a jihata kike? Ke da injinki duk ba ku da lasisi a nan." Na ce, "Orville, ni da na riƙa ba ka amsar lissafi a makaranta, yau ni ce ban iya aiki ba?" Bai yi dariya ba. Ya taka ya ƙirga, taku goma sha biyu. Na ja mota gabas taku goma sha biyu, matan da ke layi suka biyo ni, nan take na koma ƙwararriya.

Mun sha dariya, amma akwai wadda abin bai ba dariya ba. Inna Marlys Tveit tana garin Brenna, mil arba'in cikin jihar yamma. Mijinta yana kwance, ba ta iya barinsa rabin yini, kuma sankarar mama ce ta ɗauke ƙanwarta. Duk bazara takan kira ni ta ce, "'Yar nan, yaushe motar taki za ta koyi hanyar gidanmu?" Duk bazara ina ba ta haƙuri, ina ajiye waya da kunya da takaici.

Ta uku kira ce. Yau kun sa hannu cewa lasisin can ya zama lasisin nan, shaidar sufeton can ta zama shaidar sufeton nan. Orville ɗin nan da na yi wata guda ban gaishe shi ba, shi ya ɗauki takardun ofis-ofis har aka kawo yau. Ina roƙonku kada yarjejeniyar ta kwanta a durowa, ku sanar da kowane asibiti, ku ci gaba da bincikar mu ba sani ba sabo, ku kuma gayyato jihohin maƙwabta su shigo.

Ranar Litinin motata za ta shiga Brenna. Orville ya ce zai raka ni, na ce ya zo, amma ban da ƙirga taku. Sunan Inna Marlys ne na farko a takardata. Ban san abin da hoton zai nuna ba bayan jiran shekara uku, kuma ina jin tsoro. Amma ranar Litinin za ta sani, kuma ba wadda za ta sake irin wannan jira.

Allah ya sa mu ga alheri a hotonta, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya a kan wannan hanya mai santsi.

Na gode.