Bindigar da Ke Shiga Jaka

A tashar Birnin Kudu, ana jiran motar Gwaram ta cika, wani tsohon maharbi ya hango bakin ƙarfe ya leƙo daga jakar malamin gonan da ke gefensa.

"Malam, wannan famfon keke ne?"

"Bindiga ce, Baba, ta iska. Gida biyu take rabuwa, in cusa ta a jaka in haye babur abina."

"Bindigar da ake cusawa a jaka! Tawa maƙerin Basirka ne ya ƙera ta, ta fi ni tsawo. In na harba a Dingaya, sai kajin Gwaram sun watse. Me ka taɓa kashewa da taka?"

"Mai shagon ya ce tana kayar da fakara da zomo."

"Kai na tambaya, ba mai shago ba."

"To, gwangwanin madara dai nake jerawa a kan katanga, amma ban taɓa kuskuren ko ɗaya ba. Ina taka bindigar?"

"Tana rataye a ɗaki, tana hutawa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a raba mu da Kano. Kafaɗa ce ta ƙi, ido yana nan garau. Yanzu kurege a gabana yake tone min gyaɗa, har tsayawa yake mu kalli juna. Miƙo in ji nauyin abin wasan naka."

Tsohon ya ɗaga jakar da yatsu biyu, sannan ya ɗora ta a kan cinyarsa.

"Malam, kada ka sauka a Gwaram, zarce mu je Dingaya ka ga harbi. Bar ta nan, ni zan riƙe maka."