Rijiyar Baba da Raƙuman Baƙo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Mamman daga Gure.

Muna da rijiya a bayan gari, wadda kakanmu ya haƙa tun kafin zuwan Nasara. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana magana biyu a kanta. Baƙo ne ke fara shayarwa, kuma dabbar gida amana ce, kada ta wuni da ƙishirwa.

To, bazarar nan ruwa ya ja baya. Wani makiyayi ya zo daga Alakos da raƙumansa, na miƙa masa guga kamar yadda Baba ke yi. Kafin shanunmu su iso, saura laka. Washegari maraƙinmu ya mutu.

Yayana ya ce, "Ka ci amanar Baba."

Na ce, "Yaya, ai maganarsa na bi!"

Muka kai wa Inna ta raba mu, sai kawai ta fashe da kuka.

Malam, kaina ya ɗaure. Baba bai taɓa gaya mana wacce ke gaba ba in sun yi karo. Jibi makiyayin zai dawo. Jama'a, in miƙa masa gugan ko in hana shi?